A Rumfar Mantau

Salulata ta ƙoshi har ta kasa numfashi.
In na taɓa ta sai ta tsaya tunani,
kamar tsohon da aka tambaya shekarar haihuwarsa.
Na kai ta rumfar Mantau, bakin Kadro,
tsakanin mai facin taya da mai tsire.

Ya ce, "Baba Illa, sai an wanke ta tas.
Kada ka damu, na kwashe kayan cikinta
na zuba a rumbu, ko tsaba ɗaya ba ta zube ba."

Ya danna. Fuskarta ta yi baƙi, ta yi fari,
ta gaishe ni da Faransanci
kamar ba ita ta sha zufar aljihuna shekara shida ba.

"To, me za mu maido?"
Ya juyo mini da allo, ya miƙo kujera.
Ashe shiƙa aka kira ni, ga faifai, ga iska.

Lambobin masu sayen man gyaɗa, na Ɗan Isa da na Jibiya,
maido su, da su ake hura wuta a gidana.
Hoton Barira ranar da sunanta ya fito a jarrabawa,
ta rufe baki da gyale don giɓinta,
maido.
Furannin barka da Juma'a, ɗari huɗu da wani abu,
bar su, Juma'o'in sun wuce, Allah ya karɓa.

Muryar Inna Kuluwa, daƙiƙa goma sha ɗaya.
Ba ta san ya fara ɗauka ba.
Akwai kukan akuya, akwai taɓarya daga maƙwabta,
sai ita: "Wai abin nan ya kama kuwa?"
Shi ke nan.
Na ce, Mantau, wannan ka ajiye ta wuri biyu.

Sai jerin bashi.
Na bi sunaye da yatsa har na iso kan Tsayabu,
jika bakwai, tun kakar bara.
Ni na riƙe kan makararsa.
Na ce, tsallake layin nan.
Yaron bai tambaye ni dalili ba, ya yi tarbiyya.

Daga nan muka iso kan Sabi'u.
Uwa ɗaya, uba ɗaya, garka ɗaya a Jiratawa
wadda igiyar awo ta raba mu a kanta.
Saƙon murya arba'in da uku.
Na ƙarshen na haddace shi kamar karatu,
na san inda ya yi tari, na san inda ya kira ni azzalumi.
Abin kunya, na saurare shi
fiye da yadda na saurari Inna.

"A maido?"
Mai tsire ya juya nama. Hayaƙi ya shigo mini ido.
Na ce, bar su a rumbun, gara ta ci.
"Lambarsa fa?"
Na ce, har ita.

Na biya jika biyu, na hau kabu-kabu zuwa Bagalam,
aljihuna sakayau kamar ranar da na gama biyan haraji.

Bayan lisha wuta ta ɗauke.
Na zauna kan tabarma, ba haske sai nata.
Ban nemi kowa ba, wallahi.
Babban yatsana ne ya kama hanya shi kaɗai,
kamar jakin da ya san gida,
lamba takwas, bai yi tuntuɓe ba.
Mantau ya wanke salula, bai wanke yatsa ba.

Ta yi ƙara sau huɗu.
"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

Ashe shi ma ya je wata rumfar.

Na yi shiru, ya yi shiru,
ina jin injin ban-ruwa yana tari a bayansa.
Na ce, "Rijiyar gabas har yanzu tana ba da ruwa?"
Ya ce, "Ta ja baya kaɗan."
Ya ƙara yin shiru.
Ya ce, "Zogalen da ka dasa ya fi ni tsawo."