Gorar Malam Nomau

A Yawuri aka fara ta, bayan rumfar masassaƙa jirgi,
shekarar da ruwa ya ci kasuwar albasa.
Malam Nomau ya bar aikin gwamnati,
ya rataye bulala, ya ce ta gaji, shi ma ya gaji.

Mu bakwai ne: ni, da Gado, da Tasalla mai in'ina,
da 'ya'yan masunta huɗu da aka ce kansu ba ya ja.
Babu benci.
Tsohon kwalekwale a kife shi ne allonmu,
gawayi allinmu.

Ranar farko bai koya mana komai ba.
Gora ya kafa a gaɓa, ya ce,
"Gobe ku gaya mini abin da ya sake."
Muka dawo, ruwa ya hau yatsa biyu.
Daga yatsa muka kai taƙi, daga taƙi kamu,
muka tsunduma cikin lissafi
ba mu san mun jiƙe ba.

Yakan ce yaro ba tulu ba ne da za a ɗura,
rijiya ce, yashe ta ake yi.
Wanda ya yi tambaya ya biya kuɗin ranar.
Ba na ɗaya, ba kurar baya.

Gari ya ce Nomau ya taɓu,
yana kiwon yara kamar agwagi.
Sai ranar da Tasalla ta tare dillalin babanta,
ta ƙirga masa buhu uku da suka yi ƙafa,
harshenta bai sarƙe ko sau ɗaya ba.
Da Asabar ta zagayo mun zama talatin.

Aka yi rumfa, aka yi ɗakin laka, aka yi kwano.
Wani jami'i ya zo daga Birnin Kebbi neman jadawali,
Malam ya nuna masa kogi.

Yau shekara tara da rufe shi.
Makullin yana hannuna, yara ɗari biyu da 'yan kai.
Iyaye sun nemi jarrabawa, na ba su.
Sun nemi ƙararrawa, na saya, ina jin kunyarta.
Gorar dai ban cire ba.

Jiya wata 'yar ƙarama, Gwamma, ta ja mini riga:
"Ruwan da ya sauka, ina ya kwana?"
Na buɗe baki, sai na tuna, na rufe.
Na ce ta ɗauko takalmanta mu je.