Minti Casa'in

Alhaji Mairiga ya dafa ginshiƙi,
ya ce, "Injiniya, rage kaurin nan.
Bene bakwai ne, ba gadar Eko ba."
Na ce, Alhaji, zauna mu ƙirga wuta.

Ranar dai ban san ta ba.
Wataƙila kawai na sani,
an ce ta hana Bature ƙarya,
ni kuwa sikeli nake ɗora ta.

Cikin shago dubu a Idumota,
nawa ne wayarsu ke tartsatsi a shekara?
In ta yi, nawa ne diloli ke jibge kusa?
In ta kama, famfon rufi zai buɗe baki,
ko ranar ce janareto ya yi gardama,
tanki ya ƙafe, mai makulli ya tafi Agege biki?
Motar kwana-kwana tana ta jiniya,
danfo gaba, danfo baya,
'yan tebur sun cinye hanyarta.

Kowace kariya da nata gyangyaɗi.
Na haɗa su, na ninka, na tankaɗe,
abin da ya rage bai kai ƙwayar gero ba,
amma bai zama babu ba.
Wannan ƙwayar, ginshiƙi ke ɗaukar ta.

Rodi jarumi ne a cikin sanyi.
Bari zafi ya kai masa ga ƙashi,
sai ya lanƙwashe kamar taliya.
Yatsa biyu na kankare da kake ƙyashi
su ne rigarsa, kada ka tuɓe ta.

Iya Risikatu za ta kama hawa na shida,
ita da kekunan ɗinki huɗu.
Na bi ta a matattakalar tsohon gininka
da agogo a hannu:
kowane hawa sai ta tsaya, ta dafa gwiwa.
Minti casa'in nake roƙa wa ginin nan,
ita nake gani in na rubuta.

Babana ya fito daga tasu gobarar da ransa.
Littafin bashi ya koma ɗaukowa.
Dakin bai jira shi ba.

Alhaji ya yi shiru. Iskar teku ta ɗaga takardata.
Ya ce, "Allah ya kiyaye."
Na ce amin, har cikin zuciya.
Ya daɗe yana murza carbi,
sannan ya ce, "Buhu nawa ne ƙarin?"
Na juya takardar, na nuna masa da alƙalami.