Tsakar Dutsen Erongo

Ƙarfe goma na dare Elfrida ta kashe mota,
muka hau da ƙafa, ita da tocila, ni da sanda.
Dutsen bai gama hucewa ba,
zafin yini na ratso tafin takalmi.

Shekara hamsin ina kiwon awaki a nan.
Na san tsagar da kunama ke kwana,
na san inda ruwa ke ɓuya bayan damina,
amma ban taɓa tambayar sunan wannan ba.

Ga ta. Ba ta kai ɗan yatsana ba.
Yatsu kaurara kamar na jaririn da ya ƙoshi,
ta manne a cikin dutse, baya na kallon ƙasa,
ko a jikinta.
Ta lashi idonta da harshe, ta dube mu.

Elfrida ta auna ta, ta ƙirga ɗigon bayanta,
ta ce a littafinsu na Windhuk
layi biyu kacal aka rubuta a kanta,
ɗayan ma kuskure ne.

Na yi dariya. Mahaifina, Gotlib Uirab,
layi ɗaya ya samu a littafin coci,
mutumin da ya haƙa rijiya uku da hannunsa.

Ta sake ta. Wuf, sai duhu.

Muka sauko, awakina na tari a garke.
Ban ce mata komai ba.
Amma tun daga ranar, in zan ɗauki dutsen murhu,
sai na durƙusa na leƙa ƙarƙashinsa tukuna.