Ƙwallon Dabino

A Gadarif, bayan injin matsar riɗi,
akwai ɗaki mai ƙofar langa-langa.
Ba allo a bakinsa, Usta Jibrin ya hana.
Ya ce mai nema zai biyo ƙamshin mai ya same mu.
Kuɗin haya kullum wata biyu ake binmu.

Ni ne mai rubutu.
Littafina irin na 'yan makaranta ne, bangonsa ya sha gumi.
Ba na sa sunan uba, ba na sa unguwa.

Sittana ce ma'aji.
Da rana tana shayi a tashar motocin Kasala,
da dare ta kwance bakin mayafi
ta zube takardun kuɗi da suka yi laushi kamar dafaffiyar rama.
Ɗanta Mu'awiya ne ya kawo ta nan,
shi da bai taɓa taka ɗakin ba.
A bayan kasuwar hatsi aka tsince shi, ƙwaya huɗu a aljihu.
Ba ta ba da labarin. Gawayi take hurawa.

Dokarmu ɗaya ce:
kowa da gwangwaninsa na madara a kan kanta,
in ka kwana ba ka sha ba,
ka ci dabino, ka jefa ƙwallon.
Na Badawi tara.
Na Tukur mai gyaran rediyo ya haura ɗari.
Na Usta ya fi ƙarfin gwangwani, sai tulu,
shekara shida da 'yan kai.
In ya girgiza shi, sabbin zuwa sukan daina sosa jiki.

Shi ke kwana da mai karkarwa, yana riƙe masa bokiti,
shi ke tsayawa beli da hannu duk baƙin giris,
shi ya durƙusa wa mai kantin magani
don ya daina sayar wa yaran gona.

Talatar da aka gama yankan riɗi ya zo a makare.
Bai zauna kan kujerarsa ba.
Ya sauko da tulun, ya kifar a tabarma,
ƙara kamar ƙanƙara a kan kwano.
"Jiya na sha araƙi. Kofi uku.
Ba a yi mini rasuwa ba, ba wanda ya ɓata mini rai.
Sha kawai na yi."
Ya ajiye makulli a ƙasa. "Ku zaɓi wani."

Badawi ya tashi ya fita, ya bar takalminsa.
Ni kuwa haushi na ji, in faɗi gaskiya,
don ƙwallayena ɗari huɗu
da tulunsa suke jingine, ban sani ba sai ranar.

Sittana ba ta ɗaga kai daga murhu ba.
"Yau fa, ka sha?"
"A'a."
"To da safe ka zo ka ci dabinonka."
Ta tura masa makullin da ɗan yatsan ƙafa.
"Mai haya zai zo Alhamis. Kai ka san bakinsa,
ni ba na iya masa."

Ta share ƙwallayen da tafin hannu,
ta zuba rabi a wuta, gawayi ya yi tsada.
Shayin daren nan a kan shekara uku ya tafasa,
mun sha, yana warin hayaƙi.
Tukur ya bi Badawi da takalmi,
sai wajen sha ɗaya suka dawo.

Na buɗe littafi.
Gaban sunansa alƙalami ya tsaya mini,
sai da ya ce, "Rubuta mana,"
na zana sifiri, ya fito a karkace.

Da asuba ina shara na ji ƙarar,
ƙwas, a gwangwanin da ba kowa ciki.
Ban waiwaya ba. Ya tambaye ni ina bokiti,
an kawo wani yaro daga Daim Bakur.