Ba Ruwa Ba, Ba Iska Ba

Ƙarfe biyun dare a Samaru,
janareta na tari a bayan ɗakin gwaji,
ni da Malam Barau muna gadin tukunya,
tukunyar ƙarfe, bakinta ɗaure da kusoshi takwas.

A cikinta roba iri biyu:
ɗaya daga fasasshen bokiti,
ɗaya daga gorar ruwa da na tsinto a Kwangila.
Sau bakwai na narka su bara,
suna hucewa kowa ya kama gabansa
kamar man gyaɗa a kan romo.

Sai muka tura musu iskar nan
mai tsalle in an buɗe lemon kwalba.
Muka matse ta. Muka ƙara wuta.
Allurar ma'auni ta hau, ta hau,
har ta wuce wani gaci
inda iska ke manta sunanta.
Na leƙa ta taga mai faɗin kwabo:
layin da ya raba ruwa da tururi
ya dushe, ya tafi ba sallama.

Abin da ya rage ba ruwa ba ne, ba iska ba.
Ya ari nauyin wannan, ya ari ƙafar waccan.
Yana ratsa roba
yadda ƙamshin daddawa ke ratsa katanga,
yana kwance zaren da ya cukurkuɗe
har masu gaba su hau tabarma ɗaya.

Barau ya ce, saura hannu.
Ki saki famfo da sauri,
ƙofofi su fito ƙanana, dubu kan dubu.
Ki yi nawa, su kumbura, su haɗe, su rushe.

Hannuna na rawa.
Na tuna Inna Tasalla a Tudun Wada,
zaune gaban tanda tun duhu.
Ba ta da ma'auni, ba ta da allura,
amma daga jin ƙarar ludayi
ta san ƙullin da ya tashi,
ta san wainar da za ta yi idanu.

Na murɗa.
Tukunya ta yi dogon ajiyar zuciya.
Iskar ta fice, ko laima ba ta bari ba.

Da asuba muka yanka, muka duba a madubi.
Tsakiya ta yi saƙar zuma.
Gefe ɗaya ya tsage.
Barau ya rubuta lamba, ya yi hamma.
Ni kuwa na jefa guntun a jaka,
zan kai wa Inna ta latsa da babban yatsa,
ta faɗa mini ko ya nuna.