Katin Mara Lafiya

Shekara talatin da biyu ina duba jijiya a asibitin Shika,
nakan gane zazzaɓi tun yana bakin ƙofa.
Da kuɗin sallamata suka fito
ban sayi fili ba, ban ƙara ɗaki ba,
mota na saya, sabuwa dal, fara kamar rigar aikina,
ledar kujerunta ma ban yarda an cire ba.

Wata huɗu tana lafiya.
Wata Laraba da azahar, a gangaren Kwangila,
na taka birki, ƙafata ta nutse har ƙasa
kamar na taka ruɓaɓɓiyar gwanda.
Mai lemu ya yi tsalle ya tsira, tirensa bai tsira ba.
Lemu saba'in da uku na biya,
shi kaɗai ne kuɗin da ba ni da rasit ɗinsa.

Sau biyar ina kai ta Kaduna wurin dillalinsu,
sau biyar ana wanke ta, a fesa mata turare,
a ce, "Hajiya, mu ba mu ga komai ba."
Na san wannan magana,
ta likitan da bai ɗaga bargo ba ce.
Wasiƙar kamfani ta ce laifin hanya ne,
ko kuwa laifin ƙafata.

To, jibi za a zauna.
Ba kotu ba ce, in ji Hansatu, ɗiyar ƙanena mai karatun lauya a Kongo,
mutum ɗaya ne zai saurare ni, ya saurare su,
abin da ya yanke kuma ya yanku.
Ta ce, "Gwaggo, ban da rantsuwa, ban da kuka.
Ki ce ranar kaza, ƙarfe kaza, tafiyar kilomita kaza."
Na yi dariya.
Yarinya, wa kike koya wa cike kati?

Tun ranar lemu nake rubuta ta kamar mai kwance a gado na tara:
Litinin, da sanyin safe, lafiya lau.
Alhamis, cunkoson Tudun Wada, rabin awa a tsaye, birki ya yi laushi.
Asabar, dawowa daga Giwa, a Samaru ya sake ni,
na tsaya da addu'a da birkin hannu.
Shafi goma sha ɗaya.
Ciwon ba ya zuwa sai jiki ya yi zafi.

Tanimu bakanike ya shiga ƙarƙashinta da tocila,
na hana shi taɓa ko noti ɗaya,
kada su ce hannun waje ne ya ɓata.
Ya fito yana kaɗa kai:
"Bututun man birki ya rungumi salansa, Hajiya.
Wa zai kwana jikin murhu bai tafasa ba?"
Ba ya rubutu, amma ya ba da rigar Juma'arsa guga,
zai zo ya faɗa da bakinsa.
Madam Kande ta Wusasa, mai irin motata da irin ciwona,
ta aiko da shaidarta da sa hannu, da hoton katangar coci.

Rasit na jere su wata bayan wata,
na ɗinke da zare, yadda muke yi kafin zuwan kwamfuta.
Za su zo da lauya biyu da Turancin da ba ya numfashi.
Hansatu ta ce in san abin da nake nema kafin in zauna.
Kuɗina, ko wata motar.
Sai abu na uku da ba ya cikin fom:
su kira sauran 'yan'uwanta da ke bisa titi
tun kafin wani mai lemu ya makara da tsalle.

Dare ya raba, an ɗauke wuta.
Na fito tsakar gida, tana nan gindin mangwaro,
kaji sun mai da ƙarƙashinta ɗakin kwana.
Na ɗora bayan hannuna a kan bonet
yadda nake ɗorawa a goshi.
Sanyi ƙalau.
Haka take kullum idan za a duba ta.
Na koma ciki na ƙara layi ɗaya:
a roƙi mai sulhu ya shiga da kansa,
mu tsaya a Tudun Wada da azahar.