Murhun Cikin Baba

Shekara talatin da ɗaya Baba Velayudhan na yankan tikiti
a jirgin fiton da ke kai mutane Kainakari.
A tsaye yake ci.
Soyayyar ayaba a hagu, canjin mutane a dama,
shayi ya huce a kan benci, ya kwankwaɗe shi a haka.
Sai dare ya raba ya shigo gida,
ya danne cikinsa da kifi mai barkono da gurasar da ta sha mai,
ya kwanta a kai.

A watan Karkidakam, da ruwan sama ya ƙi ɗaukewa,
cikin ya tafi yajin aiki.
Gyatsa mai tsami, kumburi kamar ganga,
ƙwarnafi har maƙoshi.

Na riƙe masa lema zuwa gidan Karthyayani Amma.
Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa, ta yi shiru,
har na ji ɗigar ruwa daga ganyen kwakwa.
Ta ce ya fito da harshe. Fari fat, kamar an barbaɗa toka.
"Yaushe rabonka da jin yunwa?"
Baba ya yi dariya: "Ai ba na barin ta ƙaraso."
Ita ba ta yi ba.

Ta ja mu madafa, ta nuna garwashin da ke lumshe ido.
"Agni muke ce mata. Akwai irinta a ƙasan haƙarƙarinka.
Kai kuwa ɗanyen itace kake jibga mata, jiƙaƙƙe,
sannan ka bi da ruwan sanyi,
kana mamakin hayaƙi.
Jirginku mutum nawa yake ɗauka?"
"Tamanin."
"In ka cusa ɗari da ashirin fa?"
Baba ya sunkuyar da kai.
"To, rabi na abinci, kwata na ruwa,
kwatan da ya rage ka bar wa iska ta zagaya."

Tun ranar ni ce mai gadin wuta.
Jar shinkafa in dafa ta har ta manta ƙwaya ce,
kanji mai ruwa-ruwa, da koren wake da ya narke a ciki,
ɗan gishiri, cokali guda na man shanu,
ɗanyar citta siririya kafin loma ta farko.
Da rana tsaka, in rana ta samu leƙowa, nan ne babban ci.
A biyo da tsala mai jirakam.
Kindirmo da dare, an hana.
Ruwa kuwa mai ɗumi, kurɓi-kurɓi.

Ya yi mita. Wai abincin jarirai ne da marasa haƙori.
Rana ta huɗu na ga takarda mai maiƙo a aljihun rigarsa.
Ban ce komai ba, cikinsa ya faɗa masa da dare,
duk gidan muka ji.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne zama.
Ya naɗe ƙafa a tabarma, ba rediyo, ba lissafi,
ya tauna, ya ajiye hannu, ya sake taunawa.
In ya gama ya bi gefen gonar shinkafa taku ɗari,
yana ƙirga su da ƙarfi kamar fasinjoji.

Rana ta goma sha ɗaya, tukunya ba ta ko tafasa ba,
na ji muryarsa daga baranda,
irin wadda yake kiran jirgi da ita in ya makara:
"Omana! Wai me ya tsare abincin nan ne?"

Na tsaya da ludayi a hannu.
Tun rasuwar Amma ban ji ya tambaya ba.

Na ƙara wa murhu busasshen ɓawon kwakwa guda ɗaya.
Ɗaya kawai.
Ta kama.